Baƙo da Littafin Rubutunsa: Abin da Ɗalibai Ke Dawowa da Shi Daga Ƙasar Maori

 

An ba ni batu mai faɗi, wato karatun ɗan lokaci da ɗalibai ke zuwa yi a ƙasashen waje kan al'adun mutanen asali na wata ƙasa, da kuma abin da suke rubutawa idan sun dawo gida. Ba zan zagaya da ku duniya ba. Zan tsaya a wuri guda, ƙasar Niyu Zilan, wadda mutanenta na asali, Maori, ke kira Aotearoa. A can irin wannan karatu ya yi ƙarfi ƙwarai. Jami'o'in ƙetare, musamman na Amurka, kan tura ayarin ɗalibai na mako uku ko huɗu, wasu kuma su yi zangon karatu guda a jami'o'in Okland, Waikato, Otago ko Welinton, waɗanda duk suna koyar da harshe da tarihin Maori. Kusan kowane irin wannan kwas yana da sharaɗi ɗaya: ɗalibi ya riƙe littafin rubutu, kullum ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji a ransa, a ƙarshe ya haɗa rahoto a ba shi maki.

Na karanta irin waɗannan rahotanni da yawa. Abin da na zo in faɗa muku shi ne, mafi yawansu labarin ɗalibin ne. Masu masaukin nasa suna ciki, amma a gefe suke, aikinsu kawai su sa shi kuka ko mamaki. Rahoton kirki shi ne wanda idan mai gida ya karanta zai ce, lalle wannan yaro ya gan mu.

Maori sun isa tsibiran nan a kwale-kwale daga gabashin Folinesiya wajen shekarar 1250 zuwa 1300. Bature na farko da ya hango ƙasar shi ne Abel Tasman a 1642, sai James Cook a 1769. A yau Maori sun kai kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen ƙasar, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nasu a birane suke zaune. Ku riƙe wannan adadi na ƙarshe, domin ɗalibi kan tafi da hoton mutumin daji a kansa, ya sauka ya tarar da lauya da direban bas da likita.

Abin da ya fi cika littafin ɗalibi shi ne ranar da aka kai su marae. Marae fili ne na taron dangi, da babban zaure a gabansa mai sassaƙe-sassaƙe, da ɗakin cin abinci a gefe. A nan ake zaman makoki, a nan ake shawara, a nan ake karɓar baƙi. Ba a shiga marae kai tsaye. Baƙi za su taru a bakin ƙofa su jira, mata a gaba. Sai wata dattijuwa daga masu gida ta ɗaga murya da wani dogon kira mai kama da kuka, ana ce masa karanga. Tana yi wa baƙi maraba, tana kuma ambaton mamatan ɓangarorin biyu. Wata mace daga cikin baƙi ta amsa, ayari ya riƙa takowa a hankali, a dakata a tsakiyar fili a sunkuyar da kai saboda waɗanda suka riga mu. Daga nan a zauna, masu gida a gefe, baƙi a gefe, fili a tsakani. Maza su tashi ɗaya bayan ɗaya su yi jawabi da harshen Maori, kuma duk wanda ya gama, mutanensa su miƙe su rufa masa baya da waƙa. Mai jawabi na ƙarshe daga baƙi ya ajiye kyauta a ƙasa, yawanci kuɗi a ambulan, ana kiranta koha. Sannan a yi layi a gaisa, hanci ya taɓa hanci, abin da suke kira hongi. Bayan wannan sai abinci, kuma cin abincin nan ba zaɓi ba ne. A wurinsu baƙo yana ɗauke da wani irin haramci har sai ya ci abincin gida, sannan ya zama kamar kowa. Da dare a shimfiɗa katifu a jere cikin babban zauren, a bar takalma a waje, a kwana ƙarƙashin sassaƙen kakanni.

To me ɗalibi ke rubutawa a daren nan? Tsigar jikinsa ta tashi. Hawaye sun zubo masa bai san dalili ba. Bai taɓa ganin mutane masu ƙauna irin waɗannan ba. Rayuwarsa ta canja har abada. Ba na ƙaryata kowa, domin wanda ya ji kiran dattijuwar nan ya san abin yana ratsa jiki. Amma ku lura, a duk jimlolin nan huɗu babu ko mutum ɗaya na Maori. Ba sunan ƙabilar da ta karɓe su, ba sunan kakan da aka raɗa wa zauren, ba tambayar me mai jawabi ya ce cikin minti goma sha biyar da ya yi yana magana yana nuni da sanda. Sau da yawa ba maraba kaɗai yake yi ba. Yana iya ba da tarihin yadda filin da ke bayan katanga ya fita daga hannun dangi. Ɗalibin da bai nemi a fassara masa ba ya ji kiɗa, magana ta wuce shi.

Akwai wani abu kuma da ke yawan fitowa, musamman a rubutun 'yan mata daga Amurka da Turai: sun ji haushi da aka ce maza su zauna a layin gaba, kuma maza ne kaɗai suka yi jawabi. Wasu kan yanke hukunci a nan take cewa an danne mata. Wasu kuma, saboda tsoron kada a ce sun raina al'adar mutane, sai su haɗiye abin su rubuta cewa komai ya yi kyau. Duka biyun ragwanci ne. Wadda ta yi tambaya za a gaya mata cewa muryar mace ce ke buɗe taron, idan ba ta yi kira ba babu mai motsawa daga bakin ƙofa. Za kuma a gaya mata cewa ƙabilu sun bambanta, a gabashin tsibirin arewa akwai inda mata manya suka yi jawabi a fili, kuma matan Maori da kansu sun daɗe suna muhawara a kan batun. Ba su jira baƙuwa ta zo da littafi ta faɗakar da su ba. Wannan muhawara ita ce abin rubutawa.

Yanzu bari in zo kan ƙasa, domin a nan ake gane ɗalibin da ya yi karatu da wanda ya yi yawon buɗe ido. Ranar 6 ga Fabrairu 1840 aka fara sa hannu a kan yarjejeniyar Waitangi tsakanin wakilin Sarauniyar Ingila, William Hobson, da shugabannin Maori. Sama da shugabanni 500 suka sa hannu a ƙarshe, kusan dukansu a kan rubutun harshen Maori. Matsalar ita ce rubutun Turanci ya ce sun miƙa mulki gaba ɗaya, na Maori kuwa ya tabbatar musu da ikonsu a kan ƙasarsu da dukiyarsu. Mu nan wannan ba baƙon labari ba ne. A 1885 wani Bature, Joseph Thomson, ya zo Sakkwato da Gwandu ya koma da takardun yarjejeniya, kamfanin Turawa ya riƙa kafa hujja da su, kuma mun san abin da ya biyo baya a 1903.

A 1863 sojojin gwamnati suka shiga yankin Waikato, bayan yaƙi aka ƙwace wa mutanen wurin ƙasa fiye da eka miliyan ɗaya. A 1881, ranar 5 ga Nuwamba, dakaru kimanin 1,600 suka afka wa ƙauyen Parihaka, inda Te Whiti da Tohu suka koya wa mutanensu turjiya ba tare da makami ba. Yara ne suka tare sojojin da waƙa. Aka kama shugabannin biyu aka tsare su ba shari'a, aka rushe garin. A 1975 wata tsohuwa mai shekara 79, Whina Cooper, ta ja tattaki daga ƙurewar arewacin ƙasar har majalisa a Welinton, tana cewa a daina cin ƙasar Maori. A wannan shekara aka kafa kotun sauraron koke ta Waitangi. A 1995 gwamnati ta sasanta da ƙabilar Waikato-Tainui a kan dalar Niyu Zilan miliyan 170, kuɗi da filaye, kuma Sarauniya Elizabeth ta biyu da hannunta ta rattaba wa dokar da ke ɗauke da neman gafara.

Cikin filayen da aka mayar akwai wanda Jami'ar Waikato ke kai a birnin Hamilton. Jami'ar haya take biya wa ƙabilar. Ɗalibin da ya je can zangon karatu yana kwana yana tashi a kan ƙasar da aka ƙwace aka dawo da ita, wani ɓangare na kuɗin da ke tafiyar da makarantar yana shiga asusun mutanen da ya zo nazari. Da wuya ka ga wannan a rahoto. Abin da za ka gani shi ne cewa Maori mutane ne masu kusanci da ƙasa, suna ɗaukar kogi a matsayin kaka. Gaskiya ne, har a 2017 majalisa ta yi dokar da ta ba kogin Whanganui matsayin mutum a gaban shari'a, da wakilai biyu masu magana da yawunsa, ɗaya daga ƙabila ɗaya daga gwamnati. Sai dai ɗalibi kan rubuta abin kamar wata hikima ce da ta faɗo daga sama. Ba ya faɗin cewa mutanen kogin sun shafe fiye da shekara 100 suna kai ƙara, kaka ya mutu jika ya ɗora. Yabon da ke cire mutum daga tarihinsa ba girmamawa ba ne. Haka nan ba na jin daɗin rahoton da ya cika shafi da kyawun sassaƙa, bai ce uffan ba a kan cewa kusan rabin fursunonin ƙasar Maori ne, ko kuma cewa tsawon rayuwarsu ya gaza na sauran jama'a da wajen shekara 7.

Wurin da rubutun ɗalibai ya fi yin gaskiya, a ganina, shi ne inda aka sa su gabatar da kansu. Bamaore idan zai faɗi ko shi wane ne, ba da sunansa yake farawa ba. Sai ya ambaci dutsensa, da koginsa, da kwale-kwalen da ya kawo kakanninsa, da ƙabilarsa, da gidansu, sunansa ya zo a ƙarshe. Wannan shi ne pepeha. Malaman kwas kan ce wa kowane ɗalibi ya shirya nasa, kuma ana jan kunnensa kada ya ari dutsen masu gida, ya nemo na inda iyayensa suka fito. Nan ake yin cirko-cirko. Na karanta rahoton wata ɗaliba da ta bugo wa mahaifiyarta waya cikin dare tana tambayar daga wane gari kakarta ta taso, uwar ma ba ta sani ba. Da ta bincika sunan kogin da ke ratsa garinsu a Amurka, sai ta tarar sunan na wata ƙabilar asali ne da aka kora daga wurin, ita kuwa ta girma a bakinsa ba ta taɓa tambaya ba. Rahotonta bai ce rayuwarta ta canja ba. Ta rubuta sunan ƙabilar, da inda aka kai su, da inda zuriyarsu take yanzu. Wannan ya fi mini shafi goma na hawaye.

Ku kuma, ƙannena ɗalibai, kada ku yi dariya da wuri. Bakano zai ce Dala da Challawa, Bazazzagi ya ce Kufena da Kubanni, Bamaraɗe ya ce Gulbin Maraɗi, wannan mai sauƙi ne. To a ci gaba. Wa ya haifi kakanka? Daga ina ya zo unguwar da kuke? Mene ne kirarin gidanku? Nawa ne a zauren nan za su kai kaka na huɗu ba su yi tuntuɓe ba?

Batun harshe ba zan daɗe a kansa ba, domin kun san ciwon. Tun daga dokar makarantun Maori ta 1867 aka fifita Turanci, kuma dattawa da yawa sun ba da shaida a gaban kotun Waitangi cewa an doke su a makaranta saboda sun yi yarensu. Wanda aka taɓa rubuta sunansa a aji don ya yi banakula ya san zancen. Bambancin shi ne Hausa ba ta taɓa kusantar mutuwa ba, harshen Maori kuwa ya kusa. Kakanni mata ne suka ceto shi. A 1982 aka buɗe makarantar renon yara ta farko da ba a magana a cikinta sai da Maori, kōhanga reo, a 1987 harshen ya zama na hukuma, a 2004 aka buɗe masa gidan talabijin. Ɗalibin da aka kai irin wannan makaranta kan rubuta cewa yaran sun ba shi sha'awa. Da ya tambayi malamar ko iyayenta suna jin yaren, wataƙila da ya sami labarin tsararraki uku a amsa ɗaya.

Sai haka, rawar nan ta buga ƙafa da zare ido da kuke gani 'yan wasan zari-ruga na ƙasar suna yi. Kusan kowane ayari sai an koya masa, a ɗauki bidiyo a sa a intanet. Wadda aka fi sani, Ka Mate, tana da mai ita. Te Rauparaha, shugaban ƙabilar Ngāti Toa, shi ya tsara ta wajen 1820, kuma tun 2014 akwai dokar da ta wajabta a danganta ta gare shi idan za a yi kasuwanci da ita. Ba kuma abin nishaɗi ba ce kawai. A Nuwamba 2024 'yar majalisa Hana-Rawhiti Maipi-Clarke, tana da shekara 22, ta yaga takardar wani ƙudurin doka da ke neman sake fassara yarjejeniyar Waitangi, ta tayar da rawar haka a tsakiyar majalisa har aka dakatar da zama. Ƙudurin ya faɗi a 2025. Kafin nan, bayan harin 15 ga Maris 2019 a masallatai biyu na birnin Christchurch, inda aka kashe Musulmi 51, ɗalibai da ƙungiyoyi sun zo bakin masallaci sun yi rawar haka don ta'aziyya. Abin da ake yi wa mamaci da shi, ake kuma ƙalubalantar gwamnati da shi, bai kamata ya zama abin wasa a wayar baƙo ba.

Tunda na ambaci Musulmi, ga wata 'yar shawara ga wanda Allah ya nufa da zuwa. Abincin biki a can, hāngī, a rami ake dafa shi a kan duwatsu masu zafi, kaza da rago da alade da dankali duk a rufe wuri guda. Ka faɗa tun kafin ranar, ba a gaban akushi ba. Naman halal ba ya wuya a ƙasar, kuma masu gida sun fi son a gaya musu da wuri. Haka batun gaisuwar hanci tsakanin mace da namiji: ka sanar da jagoranku tun a mota, ya isar wa dattawa. Mutanen da suka san haramci a al'adarsu ba sa mamakin mai haramci. Abin da ke ɓata rai shi ne ka kai gaban tsohuwa a layi sannan ka ja da baya.

Akwai wani ɗaki a marae da ba a cika rubutu a kansa ba, wato madafa. Masu aikin wurin, ringawera, su ne ke tashi tun asuba, kuma Maori na cewa mutuncin gaban gida yana hannun na bayan gida. Baƙon da aka riga aka karɓa, ya ci abinci, ana sa ran ya tashi ya ɗauki tsumma ya goge kwanuka. A nan, tsakanin kumfa da tururi, matar da ta yi maka kiran da ya sa ka kuka za ta tambaye ka kuɗin jirgi nawa ka biya, ta ba ka labarin ɗanta da ya tafi Ostireliya neman aiki, ta yi tsaki a kan kuɗin gyaran rufin zaure. Rahotannin da suka fi inganci da na gani, kusan dukansu na waɗanda suka shiga madafa ne.

Wannan kuma ya kawo tambayar da Farfesa Linda Tuhiwai Smith, ita ma Bamaoriya, ta gina littafinta na 1999, Decolonizing Methodologies, a kai: wa ke da ilimin da aka kwasa, wa zai amfana da shi, wa ya ba da izini? Abin da aka gaya maka a bakin wanke-wanke ba lalle ne na bugawa ba. Akwai tarihin dangi da ake faɗa a zaure don kunnen wanda ke zaure kawai. Akwai hotunan mamata a jikin bango da ba a ɗauka sai an tambaya.

Mu ma an zo mana da littafi. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Darajarsa ita ce Baturiyar ta ja baya ta bar tsohuwa ta yi magana. Kowace shekara kuma baƙi na tsayawa a bakin marinar Ƙofar Mata, ko su hau rumfa ranar hawan daushe, su koma su rubuta mu. Da za a kawo muku abin da suka rubuta, kun san wanda zai sa ku gyaɗa kai da wanda zai sa ku ce, wannan dokinmu ya gani, bai ga mahayin ba.

Don haka ga roƙona ga iyayena malamai masu shirya irin wannan tafiya, ko zuwa ƙetare ce ko zuwa rugar Fulani ko ƙauyen Maguzawa da ke bayan garinmu. A sa wa rahoto sharaɗi: ɗalibi ya faɗi sunan mutanen da suka sauke shi kamar yadda suke kiran kansu, ya faɗi wa ke da ƙasar da ya taka da yadda aka yi ta zama haka, ya kawo abu ɗaya da masu gida ke saɓani a kansa tsakaninsu. Kafin a ba da maki kuma, a aika wa masu masaukin kwafi, a jira su ce ga abin da za a cire.